Mazarin Sharaɗa

A bayan wata masana'antar roba da ke rukuni na biyu na Sharaɗa akwai wani shago mai ƙofar ƙarfe, wanda girmansa bai wuce na zauren gidan talaka ba. Injuna biyu ne a cikinsa. Na bakin ƙofa tsohon injin sassaƙar ƙarfe ne ƙirar Ingila, koren fentinsa ya koɗe, hannayensa kuwa sun yi sulɓi saboda yawan riƙo. Na ƙuryar shagon ƙarami ne, teburinsa bai fi dardumar salla ba, kuma kwamfuta ce ke tuƙa shi. Mutum biyu ke cin abinci a wurin: wani dattijo da ya haura shekara 70, da ɗan ƙanensa wanda ya gama karatun injiniya a kwalejin fasaha, ya yi ta yawon neman aiki da takardu har takalminsa ya suɗe. Sun shafe kusan shekara guda suna saɓani a kan tambaya ɗaya, wadda mai wucewa zai ɗauka ba ta kai a ɓata yawu a kanta ba: sau nawa ya kamata kan injin ya juya a minti guda, kuma wa ke da hurumin faɗa?

Sunan da ya riga inji zuwa

Ranar da aka kwance akwatin ƙaramin injin, saurayin ya ɗago wani dunƙulen ƙarfe mai siffar gora, mai nauyin kusan kilo biyar, ya kira shi da sunansa na Turanci. Dattijon ya karɓa, ya murza bakinsa da yatsa biyu, ya saurari boris ɗin ciki, sannan ya ce, "Ai mazari ne." Saurayin ya yi dariya, don a saninsa mazari kayan tsofaffin mata ne, ko kuwa abin da ake kwatanta jikin matsoraci da shi idan yana rawa. Sai dai dattijon ba wasa yake yi ba, kuma ba shi ya ƙago wannan kwatanci ba. Kalmar da Turawa ke kiran wannan sashe na inji da ita, ita ce dai kalmarsu ta sandar kaɗi.

Shi kuwa a gindin mazari ya buɗe ido. Mahaifiyarsa makaɗiya ce a cikin birni. Yana tuna yadda takan shafa alli a yatsunta, ta dasa tsinin mazarin a cikin 'yar tasa, ta murza, gululun yumɓu ya ɗauki juyin ya riƙe, hannun hagu yana sakin auduga a hankali. Idan arafiya take so, wato siririn zare, akwai irin murzar da take yi. Idan abawa ce mai kauri, murzar daban ce. Juyi ya yi yawa, zare ya ƙudundune ya tsinke; ya yi kaɗan, zare ya yi sako-sako ya ƙi saƙuwa. Ba ta taɓa ƙidaya juyin ba, amma ba ta kuskure shi. Da irin waɗannan yatsu aka kaɗa zaren tufafin da Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851, ya ba da labarin cewa ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Mazari na biyu a rayuwarsa a Bompai ya same shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama uwar kasuwa, yankin Bompai ya fara tara kamfanoni, daga matsar mai zuwa alewa da turare da saƙa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, da kuma kuɗin man fetur na shekarun 1970, masana'antu suka bazu zuwa Sharaɗa da Chalawa, inda majemu suka yi sansani a kusa da kogi. A farkon waɗannan shekaru ya shiga wata masaƙa a matsayin yaron sashen gyara. Can ya ga mazarai jere ɗaruruwa a kan inji guda, suna juyi tare da ƙarar da ba a jin maganar na kusa. Aikinsa shi ne sassaƙa madadin duk wani ƙarfe da ya cinye ko ya karye. Ya yi shekara kusan 30 a kan wannan aiki. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wuta ta zama sai an ga dama, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har layi ya zo kan tasu. Da ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi koren injin nan a gwanjo, ya kama shago a Sharaɗa.

Gudun da ke cikin hannu

A kan koren injin, gudu abu ne da ake taɓawa. Injin lantarkin da ke jansa gudu ɗaya ya sani, domin wutar Nijeriya kai-komo 50 take yi a daƙiƙa, shi kuma da wannan kai-komon yake tafiya. Mai son sauyi sai ya tsayar da aiki, ya ɗaga bel daga wannan hawa zuwa wancan, ko ya tura hannun giya. Matakan ƙidayayyu ne, ba su fi dozin ba, kuma tsakanin mataki da mataki babu komai. Dattijon yakan dubi kaurin ƙarfen, ya ƙwanƙwasa shi ya ji amonsa, ya zaɓi mataki. Daga nan sai karatun ɓarɓashi: idan ya fito fari yana naɗewa, lafiya; idan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, an kusa iyaka; idan ya yi shuɗi yana hayaƙi, wuƙa na ƙonewa, a rage.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan sani ɗaya ce, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. Kowane irin ƙarfe yana da saurin da yake yarda baki mai kaifi ya ratsa shi. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tafiyar da bakin wuƙa ke yi a jikin ƙarfe a minti guda. Wuƙa siririya zagayenta gajere ne, saboda haka sai ta juya da yawa kafin ta cika wannan tafiya. Alal misali, wuƙa mai kaurin milimita 6 zagayenta bai kai milimita 19 ba. Idan alminiyam za ta ci a kan mita 250 a minti, tana bukatar juyi kimanin 13,000. Idan baƙin ƙarfe ne da wuƙa ta gama-gari, wanda ba ya son fiye da mita 30 a minti, juyi 1,600 ya ishe ta. Koren injin ba zai taɓa kaiwa 13,000 ba, kuma ba don haka aka ƙera shi ba.

A nan ne shawarar saurayin ta shigo. Ya lura cewa dukawa da masu ɗinkin jaka da takalma da ke sayen fata daga majemun Chalawa suna neman tambarin tagulla ko na alminiyam da za su buga suna da ado a jikin fata, kuma ƙananan masu aikin roba a Sharaɗa suna neman 'yan ƙananan mazubai. Irin wannan aiki sau da yawa sai an aika Legas, ko a jira shi daga Sin. Inji mai kwamfuta, wanda ake kira CNC, zai iya zana harafi da fure a jikin ƙarfe da siririyar wuƙa, ya maimaita sau ɗari ba tare da na farko ya bambanta da na ƙarshe ba. Dattijon ya daɗe yana juya maganar. Daga bisani ya sayar da wani ɗan fili da ya ajiye saboda tsufa, ya ce, "Ga shi nan, ɗan nan. Ba ni da wani bayansa."

Linzami

Sabon mazarin mai ƙarfin kilowat 2.2 ne, ana sanyaya shi da ruwa daga bokiti ta 'yar siririyar tiyo, kuma iyakar gudunsa juyi 24,000 a minti. Ba a jona shi kai tsaye da wutar bango. Tsakaninsa da bango akwai wani akwati mai 'yan maɓallai da fuskar jajayen lambobi, wanda takardarsa ta kira VFD, masu sayar da kayan wuta a Sabon Gari kuma suke haɗa shi da sauran danginsa su ce inbata. Da saurayin ya gama bayanin aikinsa, dattijon ya ce, "To, linzami ke nan." Sunan ya zauna.

Aikin linzamin hawa uku ne. Yana karɓar wutar gida mai kai-komo 50, ya miƙar da ita ta zama mai tafiya gefe guda kamar ta batir. Yana tara ta a wasu ma'adanai da ke cikinsa. Sannan ya riƙa datsa ta yana saki sau dubbai a daƙiƙa, har ya ƙera sabuwar wuta mai layi uku, wadda shi ne ke yanke mata yawan kai-komo, daga kusan sifili zuwa 400. Mazarin kuwa juyi guda yake yi a kowane kai-komo, in ban da ɗan santsi kaɗan. Kai-komo 50 a daƙiƙa juyi 3,000 ne a minti; 200 ya ba da 12,000; 400 ya kai 24,000. Ga mai shago a Kano akwai wata fa'ida ta daban: ba sai ya nemi a ja masa wuta mai layi uku ba, wadda masu sana'a ke kira tiri-fes. Layi ɗaya na gida, ko janareta mai ɗan ƙarfi, ya wadatar.

Sai dai linzami yana da sharaɗi, kuma a wannan sharaɗin suka fara yin asara. Dole ƙarfin turin wuta ya tashi tare da kai-komo. An naɗa wayar mazarin ne don ta karɓi bolt 220 a kai-komo 400. Idan an sauko zuwa 50, abin da ya kamace ta bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na wannan ba. Akwatin kuwa ya taho daga masana'anta a saite don injin lantarki na gama-gari, mai karɓar cikakken turi tun a kai-komo 50. Saurayin, cikin ɗokin ranar farko, ya jona waya ya danna maɓalli bai sauya wannan saiti ba. Mazarin ya yi gurnani, ya ɗauki zafi. Dattijon ne ya fara jin warin, don ya san warin ƙonannen kwayil tun Bompai. Kafin hannunsa ya kai ga makunni, aikin gama ya gama.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki buta ya fita, ya daɗe bai dawo ba. Mai naɗin kwayil da suka kai wa ya juya mazarin ya ce bai saba da irinsa ba, ba zai karɓi kuɗin mutane a kan gwaji ba. Sai da suka yi makonni suna jiran wani, koren injin yana ciyar da gida biyu da sassaƙar ƙusoshin injin niƙa da na babur mai ƙafa uku. A cikin waɗannan makonni saurayin ya zauna da takardar akwatin, wadda aka fassara daga Sinanci zuwa wani irin Turanci mai wuyar haɗiya, ya bi saitunanta ɗaya bayan ɗaya. Kowane dare yakan mayar wa baffansa abin da ya fahimta da Hausa, domin dattijon ya gindaya sharaɗi: ba za a sake danna komai ba sai an gaya masa abin da zai faru, da harshen da zai iya musantawa.

Kunne da lamba

Da sabon mazari ya iso aka saita linzami daidai, sun yi wata guda suna murza gudun da hannu daga fuskar akwatin. Amma burin saurayin shi ne kwamfuta ta karɓi wannan aiki ma. A harshen umarnin da waɗannan injuna ke ji, layi guda ya isa: M3 na nufin mazari ya tashi ta hannun dama, S12000 na nufin juyi dubu goma sha biyu, M5 kuma ya tsaya. Idan gudun yana cikin fayil ɗin aiki, ba a mantuwa, kuma yana iya sauyawa da kansa idan an sauya wuƙa. Hanya mafi araha ita ce ta ɗan allon Arduino mai ɗauke da manhajar GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Nowe, Simen Svale Skogsrud, ya fara rubutawa a 2009. Allon yana fitar da sigina, wani ɗan allo na biyu ya mayar da ita turin wuta tsakanin sifili da bolt 10, linzami kuma ya fassara: bolt 10 cikakken gudu, bolt 5 rabinsa.

Ranar gwaji saurayin ya rubuta S12000, mazari ya tashi, fuskar kwamfuta ta nuna 12000. Dattijon yana bakin ƙofa yana wasa wuƙa, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Bai kai ba."

"Baffa, ga shi a rubuce."

"Na ji abin da aka rubuta. Muryarsa ta jiya ba ita ce wannan ba. Ta yau ta yi ƙasa."

Saurayin ya leƙa fuskar linzamin. Maimakon 200, jajayen lambobin 170 suke nunawa, wato juyi 10,200. Ɗan allon tsakiya ba ya kai turin inda ya kamata, kwamfutar kuwa abin da ta aika take nunawa, ba abin da ya faru ba. Babu wani sihiri a cikin abin da dattijon ya yi. Mazarin da ke juyi sau 200 a daƙiƙa yana fitar da amo mai kaɗawa 200, wanda ke cikin zangon muryar ɗan Adam. Tazarar 200 da 170 ta fi ƙarfin a ce ƙanƙanuwa ce ga kunnen da ya tashi a harshen da karin sauti ke raba ma'anar kalma da kalma, a garin da ake gane abin da kalangu ke faɗa. Ƙari a kan haka, kunne ne da ya yi shekara 30 yana tsintar inji mara lafiya a cikin ɗaruruwa.

Bambancin ba na ado ba ne. Kwamfuta tana tura wuƙa gaba bisa lissafin cewa kowane juyi zai ɗebi wani ƙayyadadden kauri. Idan juyi ya ragu tafiya ba ta ragu ba, kowane baki yana cin fiye da ƙarfinsa, siririyar wuƙa ta karye. Idan juyi ya yi yawa tafiya ta yi kaɗan, wuƙa ta daina yanka ta koma guga, alminiyam ya yi laushi ya manne mata kamar ƙaro. Wuƙa guda kuwa kuɗin cefanen kwanaki ce, kuma ba a samunta a Ƙofar Ruwa yadda ake samun noti da boris.

Aike da amsa

Suka daidaita ɗan allon da sukundireba har lambobi biyun suka yi kusa da juna. Sai wata matsalar ta ɓullo, wadda marubutan takardar akwatin ba su yi tunaninta sosai ba, domin ba a Sharaɗa suke zaune ba. Wata rana da rana tsaka, ana cikin zana tambarin tagulla na wani baduku, wuta ta yi ƙasa. Linzami ya ga turin ya gaza, ya kare kansa ya saki mazari. Kwamfutar da injunan tura teburi kuwa suna kan batir, ba su san an yi ba. Suka ci gaba da tura wuƙar da ta daina juyi a cikin tagulla. Wuƙa ta karye, tambarin kwana biyu ya tsage, badukun kuma yana da alkawarin kaya a ƙarshen mako.

A daren nan dattijon ya faɗi abin da ya zama tushen gyaran. Ya ce a masaƙa, idan babban makanike ya aiki yaro ya kunna inji, ba ya sa hannu sai yaron ya dawo ya ce ya kunna. "Kai kuwa ka aiki ɗan aike kurma, bebe. Ka faɗa masa, ba ya dawowa ya faɗa maka." Saurayin ya gane cewa abin da baffansa ke nema yana cikin akwatin tun farko. Akwai wasu ƙananan ramuka biyu na waya, hanyar da ake kira RS-485, inda kwamfuta da linzami ke iya magana da tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979. Ta nan lamba ce ke tafiya a matsayin lamba, ba turin wuta da za a yi kirdadonsa ba, kuma linzami yana mayar da jawabi: ga gudun da nake kai, ga wutar da nake ja, ga laifin da ya tsayar da ni.

Ya sayi tsohuwar kwamfutar tebur, ya ɗora mata LinuxCNC, manhajar kyauta wadda asalinta daga hukumar ma'aunai ta Amurka ne. Ya tsara ta yadda wuƙa ba za ta taɓa ƙarfe ba sai linzami ya amsa cewa mazari ya kai gudun da aka nema, kuma duk lokacin da linzami ya yi tuntuɓe, tebur ya tsaya cak. Sauran gyare-gyaren na dattijon ne. Shi ya haƙa rami ya kafa sandar tagulla ya ɗaure jikin injin da ƙasa, ya raba wayar mazari da wayoyin sigina, domin datsar wutar da linzami ke yi tana watsa hayaniyar da ke rikita kwamfuta. Shi ya ɗinka wa akwatin matatar ƙura saboda hunturu, ya matsar da shi daga jikin bangon yamma saboda zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40. Shi ne kuma ya kafa dokar cewa ba a buɗe akwatin sai an kashe wuta an jira mintuna, don ma'adanan cikinsa suna riƙe da abin da zai iya kashe mutum bayan fitila ta mutu.

Lambar wa?

Wannan jayayya ta baffa da ɗa tana da tsohon tarihi a wata nahiya. Frederick Taylor ya shafe shekara 26 yana gwajin yankan ƙarfe a Amurka kafin ya gabatar da sakamakonsa a 1906, kuma bai ɓoye manufarsa ba: a kwashe sanin da ke kan ma'aikaci a mayar da shi jadawali a hannun masu gudanarwa. Injin farko mai bin umarnin lambobi an nuna shi a cibiyar fasaha ta MIT a 1952, da kuɗin rundunar sojan saman Amurka. Masanin tarihi David Noble ya yi hujja a 1984 cewa ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka fifita wannan hanya shi ne rage ikon ƙwararren makanike a kan injinsa. Dattijon bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya hango abin da suke magana a kai tun ranar da ya ga gudu ya bar hannun giya ya koma cikin fayil. Tsoronsa shi ne ya zama mai gadin shagon da ya saya da filinsa.

Abin da ya faru a Sharaɗa ya saɓa da haka, saboda wani dalili na zahiri. Jadawalin da ke cikin littattafai an yi shi ne don ƙarfe mai suna da lamba, wanda aka san abin da aka haɗa a cikinsa. Alminiyam ɗin da ke zuwa shagon kuwa sau da yawa narkakke ne daga tsofaffin fistin da tukwane da gwangwani, kowane zubi da halinsa. Tagullar ma haka. Lambar littafi mafari ce kawai. Sai dattijon ya goga ƙarfen da zarto, ya ji yadda yake kamawa, a yi yankan gwaji, ya murza ɓarɓashin a tafin hannu, ya ce a ƙara ko a rage. Saurayin ya sauya lamba, a sake. Idan amo da ɓarɓashi suka gamsar da shi, sai ya ce, "Rubuta." Ya kuma yarda, ba da son ransa ba, cewa akwai abin da hannunsa ba zai iya ba: riƙe gudu ɗaya na awa huɗu, da maimaita shi bayan wata shida. Saurayin shi ma ya yarda cewa mazarin ba shi da ƙarfi a ƙananan gudu, don haka baƙin ƙarfe ya zauna a hannun koren injin. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano ya wallafa a 1994, ya nuna yadda suka riƙa karɓar sababbin kaya da sababbin kasuwanni ba tare da sun bar sana'ar ba. Shagon nan bai fita daga wannan layi ba.

Littafin da ke kan taga

Abin da ake rubutawa yana shiga wani littafi mai bangon kwali, irin na 'yan makaranta, wanda ke ajiye a kan taga. Kowane shafi yana da irin ƙarfe, kaurin wuƙa, juyi, tafiya, sannan bayanin dattijon da kalmominsa: "mai danƙo, a sa kananzir", "mai gautsi, ɓarɓashi kamar tsaki", "idan ya fara kuka siriri, a rage dubu ɗaya." A shafin farko akwai jerin sunayen da suka yi amfani da su har suka zauna: mazari, linzami, kai-komo, turi, ɗan aike, amsa. Babu kwamitin da ya zauna a kansu. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun san mazari da linzami, amma a hannun makaɗiya da mahayi. Aikin ƙirƙirar kalmomin fannu, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta shekarun 1950 zuwa littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya fi ƙarfi a nazarin harshe da adabi. A bakin inji kuwa, kalma tana rayuwa ne idan ta hana asara. "Ɗan aike kurma" ya yi wa saurayin bayanin da shafuka da dama na takardar akwatin suka kasa yi masa.

Harshen umarnin injin yana ba da damar a saka bayani a cikin baka biyu, wanda inji ke tsallakewa, mutum ya karanta. Saurayin ya fara kwafe maganganun baffansa zuwa cikin fayilolin aiki, a saman layin da ke ɗauke da S. Wata manhajar ta ƙi karɓar haruffa masu lanƙwasa, don haka a can ƙarfe ya koma karfe, ɓarɓashi ya koma barbashi. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya ce ba komai, duk wanda zai buɗe fayil ɗin ya san abin da ake nufi, in kuwa bai sani ba, bai kamata ya taɓa injin ba.

Yanzu idanunsa sun fara gajiya, kuma ba kullum yake zuwa da safe ba. An ɗauki wani yaro daga unguwa yana koyo, wanda bai taɓa ganin ana kaɗi ba, bai kuma san Bompai da hayaƙinta ba. Shi a wurinsa mazari sunan wannan dunƙulen ƙarfe ne kawai. Ranar wata Laraba dattijon ya iso bayan azahar, ya tarar ana zana tambari na arba'in na badukun nan, wanda ya dawo duk da abin da ya faru. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai cire hula ba, ya karkata kai yana saurare. Yaron ya dube shi, ya dubi jajayen lambobin, ya sake dubansa. Dattijon ya ce masa ya rufe fuskar akwatin da tafin hannu, ya faɗi gudun da ka. Yaron ya saurara, ya ce dubu goma sha uku. Da ya ɗaga hannu, lambobin suna nuna 220, wato 13,200. Dattijon ya jawo kujerarsa kusa da koren injin, ya ce a miƙo masa littafin.